Ina bin sujada a waya kowace Lahadi, lalle ne sai na je majami'a?

Tambaya: Tun lokacin kullen korona na saba bin sujada ta Facebook da YouTube. Ina jin wa'azi sosai, wata Lahadin ma na fastoci biyu ko uku, baikona da zakkata kuma ina turawa ta banki. Lafiyata ƙalau, majami'armu ba ta da nisa. Wani dattijon ikkilisiyarmu ya ce na ja da baya. Ashe ba Allah yana ko'ina ba? Me nake rasawa in ban je ba?

Amsa: Ɗan'uwa, salama a gare ka. Allah yana ko'ina, addu'ar da ka yi a ɗakinka kuma yana jin ta sarai. Amma tunda kana da lafiya, hanya kuma a buɗe take, shawararmu ita ce ka koma cikin taro. Wataƙila kalmar da dattijon ya yi amfani da ita ta yi maka nauyi, sai dai abin da ya hango gaskiya ne. Waya tana kawo maka wa'azi da waƙa har kan gadonka, amma ba ta kai ka wurin mutanen da Allah ya haɗa ka da su, su ma ba ta kawo su wurinka.

Mu fara raba abu biyu da ake yawan gwamutsawa. Majami'a wurin haɗuwa ce, gini ne. Ikkilisiya kuwa daga kalmar Helenanci take, ma'anarta taron mutanen da aka kira suka hallara. Ginin ba dole ba ne. Masu bi na farko a gidaje suke taruwa: Romawa 16:5 ta ambaci ikkilisiyar da ke gidan Akila da matarsa, Kolosiyawa 4:15 ta ambaci wata a gidan Nimfa. A nan ƙasar ma, sujadar farko ta Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) a gindin tsamiya aka yi ta, a Garkida, ranar 17 ga Maris 1923. Saboda haka in ka kafa hujja da Yahaya 4, inda Yesu ya gaya wa Basamariya cewa ba a kan dutsen nan ko a Urushalima za a keɓe sujada ba, mun yarda da kai. Ya ɗauke sharaɗin wuri. Taruwar kuwa bai ɗauke ta ba, domin almajiransa su ne Ayyukan Manzanni 2:42-46 ta nuna suna naciya ga koyarwar manzanni, da tarayya, da gutsuttsura gurasa, da addu'a, suna haɗuwa a Haikali da kuma gida gida.

Ayar da kowa ke jawowa a wannan magana ita ce Ibraniyawa 10:25, wadda ta ce kada mu bar taruwarmu kamar yadda waɗansu suka saba. Akan karanta ta kamar dokar ɗaukar sunan waɗanda suka zo, alhali dalilin yana cikin aya ta 24: mu riƙa lura da juna, mu zuga juna ga ƙauna da ayyuka nagari. Ka duba inda nauyin ya faɗi. Tambayarka ita ce me kake rasawa, marubucin kuwa yana magana a kan abin da 'yan'uwa ke rasawa in ba ka nan. Akwai saurayin da ya kusa fid da zuciya, wanda gaisuwarka a bakin ƙofa za ta riƙe shi mako guda. Akwai sabon mai bi da ke kallon yadda manya ke tsayawa a addu'a. Lura da mutum sai da ido. In ka ci gaba zuwa aya ta 32 har 34 za ka ga mutanen da aka rubuta wa wasiƙar sun sha zagi a bainar jama'a, an ɗaure waɗansunsu, an ƙwace musu dukiya. Taruwa tana da tsada a gare su, duk da haka aka ce kada su daina.

Wani zai ce ai a zamanin manzanni babu intanet, da akwai da sun yi amfani da ita. Lalle da sun yi, domin sun yi amfani da abin da ke hannunsu na isar da saƙo daga nesa, wato wasiƙa, kuma da waɗannan wasiƙu muke rayuwa har yau. Abin lura shi ne yadda su kansu suka ɗauki wasiƙar. Yahaya ya rufe wasiƙarsa ta biyu da cewa yana da magana da yawa, amma ba ya so ya yi ta da takarda da tawada, yana fatan ya zo su yi baki da baki domin farin cikinsu ya cika. Bulus ya rubuta wa Romawa surori goma sha shida cike da koyarwa, amma tun a 1:11-12 ya ce yana ɗokin ganinsu, domin shi da su su ƙarfafa juna. Da ya kasa komawa Tasalonika bai tsaya ga takarda ba, ya aiki Timoti da ƙafarsa. Abin da Bahaushe ke faɗa ke nan, zuwa da kai ya fi saƙo.

Inda maganar ta fi fitowa fili shi ne Jibin Ubangiji. A 1 Korintiyawa 11:17-34 Bulus ya maimaita maganar taruwa wuri ɗaya har sau biyar. Laifin Korintiyawa shi ne kowa yana cin nasa ba ya jiran ɗan'uwansa, maganin da ya ba su a aya ta 33 kuwa shi ne su jira juna. A 10:17 ya ce da yake gurasar ɗaya ce, mu da muke da yawa jiki ɗaya ne, gama daga gurasa ɗayan nan muke ci. Alamar tana cikin rabawar: gurasa guda ce aka gutsuttsura, faranti ya bi layi, wanda ke kusa da kai ya miƙo maka, kai ma ka miƙa wa na gaba, ko da kuwa shi ne wanda kuka yi sa-in-sa da shi a kan iyakar gona. Mutumin da ya ajiye burodi da lemon kwalba a gaban waya, yana jira fasto ya ce a ci, ya rasa duk wannan. Ba wanda ya miƙa masa, ba wanda ya jira shi. Wataƙila ma bidiyon da yake kallo tun jiya aka ɗauka. Akwai kuma batun wanda ya cancanci ci. A yawancin ikkilisiyoyinmu mai baftisma ne ke ci, wanda ke ƙarƙashin horo kuma yana dakatawa har a maido shi. Dattawa ne ke lura da wannan, ta allo kuwa ba yadda za su yi.

In kai ɗan Katolika ne, an riga an yanke maka maganar a rubuce. Dokar ikkilisiya mai lamba 1247 ta wajabta halartar Mas, wato babbar sujadar Katolika, ranar Lahadi da manyan ranakun idi, kallo a talabijin ko waya kuma ba ya sauke wannan wajibi. Mai ciwo ko mai babban uzuri an ɗauke masa ne gaba ɗaya, ba wai kallon ne ya biya masa ba. Fadar Vatican ta faɗa a wata takarda ta 2002 cewa babu sakramenti, wato ibada irin su baftisma da Jibi da furta zunubi, a intanet, shi ya sa ba a furta zunubi wa Fada ta waya. Ikkilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da HEKAN da Baptis ba su tsara abin da harshen doka irin wannan ba, amma aikinsu ya nuna matsayinsu: baftisma sai da ruwa da hannun mai yi, naɗin fasto sai da ɗibiya hannu, tabbatarwa a Angilikan sai bishop ya ɗora hannu a ka. A EYN ana wanke wa juna ƙafa bisa ga Yahaya 13. Yakubu 5:14 ta ce mai ciwo ya kira dattawan ikkilisiya su zo su yi masa addu'a suna shafa masa mai. Bangaskiyar da ta ce Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu ba ta raina jiki ba, shi ya sa manyan alamunta duka abin taɓawa ne.

Waƙa ma haka. Kolosiyawa 3:16 ta ce mu koya wa juna, mu gargaɗi juna da zabura da waƙoƙi. Wato muryar tsohuwar da ke bayanka, wadda ta haddace baitocin tun tana yarinya, koyarwa ce gare ka. Ta intanet wannan ba ya yiwuwa, kuma dalilin na na'ura ne. Shirin kai tsaye a Facebook ko YouTube yakan iso wayarka a makare da daƙiƙa goma zuwa talatin, sautin kuma hanya ɗaya yake bi, ba mai jin ka. A Zoom jinkirin bai kai daƙiƙa ɗaya ba, amma ya isa ya wargaza amshi, domin kowa da nasa jinkirin, manhajar kuma an gina ta ne ta fifita murya ɗaya a lokaci guda. Shi ya sa duk wanda ya gwada waƙar taro a can yakan ƙare da rufe makirufon kowa, a bar mutum ɗaya yana rerawa.

Sai kiwon garke, wanda a ganinmu nan ne rashin zuwa ya fi yin ɓarna a ɓoye. Ibraniyawa 13:17 ta ce shugabanni suna tsaron rayukanku a matsayin waɗanda za su ba da lissafi. Abin da mai watsa shiri ke gani a allonsa lamba ce, mutum kaza suna kallo. Bai san ko ka rame ba, bai san matarka ta yi yaji ba. A majami'a abin dabam yake. Gwauruwa tana da wurin zamanta a layi na uku ta gefen taga. Lahadi ɗaya babu ita, ta biyu ma babu. Kafin a gama sanarwa shugabar Zumuntar Mata ta riga ta raɗa wa ma'aji, ana tashi mata huɗu suka nufi gidanta ko ɗankwalin zumunta ba su cire ba, ɗaya da mudun masara, ɗaya da sabulu. Suka tarar zazzaɓi ne ya kwantar da ita, kuɗin magani kuma babu. Ba wanda ya buga waya ya sanar. Gurbin da ta bari a benci ne ya yi magana, kuma sai mai zuwa kullum ne ke barin gurbin da za a lura da shi. Zumunta a ƙafa take, kamar yadda ake cewa.

Wannan yana da ɓangaren takarda da mutane ke mantawa sai buƙata ta taso. Ranar da za ka nemi aure, ikkilisiyar yarinyar za ta nemi shaida daga taka. Ranar da aiki ya mai da kai wani gari, za a tambaye ka takardar canjin ikkilisiya. Miƙa jariri, ajin baftisma na 'ya'yanka, jana'iza, duka suna komawa ga tambaya ɗaya a zaman dattawa: wa ya san shi? Rasit ɗin banki yana nuna ka tura baiko, amma ba zai tsaya ya ba da shaidar halinka ba.

Ka ce kana sauraron fastoci biyu ko uku a rana. Akwai alheri a ciki in masu koyarwar gaskiya ne, amma akwai tarko biyu. Na farko, kai ne mai zaɓe. Da zarar wa'azi ya fara taɓa inda ke maka ciwo, yatsa ɗaya ya isa ya kai ka wani. Manhajar kuma tana lura da abin da kake daɗewa a kansa, ta riƙa turo maka irinsa, har ka wayi gari shekara guda ba ka ji abin da ya saɓa wa son ranka ba. Bulus ya yi kashedi a 2 Timoti 4:3 game da masu tara wa kansu malamai bisa ga ƙaiƙayin kunnensu. A benci kuwa kana zaune har a ce Amin, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba. Na biyu, ba ka da hanyar auna mai wa'azin. Sharuɗɗan shugaba a 1 Timoti 3 kusan duka na hali ne: yadda yake riƙe gidansa, ko mai son kuɗi ne, ko mai saurin hannu ne, me na waje ke faɗa a kansa. Fastonku kun san matarsa, kun san inda yake cefane. Wanda ke bayan kyamara abin da ya ga dama kawai yake nuna maka, kuma ta wannan ƙofa ce masu lambar asusu a ƙasan allo, masu sayar da mai da ruwan mu'ujiza, suke shiga gidajen mutane.

Ka kuma dubi yadda sujadar waya ke kasancewa a zahiri. An fara addu'ar buɗewa, saƙon WhatsApp ya faɗo a saman allo. Ana karatun nassi, aka ɗauke wuta, caji ya kusa ƙarewa. Tukunya tana kan wuta, yaro yana kuka, maƙwabci ya yi sallama. Sujadar awa biyu a hoto mai ɗan kyau takan cinye wajen gigabayit ɗaya na data, don haka sai a fara tsallake waƙoƙi da addu'o'i a je kan wa'azi kawai, daga baya a ce za a kalla da yamma, daga nan sai mako ya zagayo. Ba mugunta ce ke jawo haka ba. Na'urar da kake kallon ƙwallo da labarai a cikinta ba ta san Lahadi ba, jikinka ma bai samu wata alama cewa wannan sa'a dabam take ba. In kana da yara, su ne suka fi cutuwa. Yaro ba ya koyon sujada daga bayani, yana koyo ne daga wanka da sassafe, da tafiya tare da iyaye, da malamar Makarantar Lahadi da ta san sunansa, da ganin babansa ya sunkuyar da kai.

Game da Matiyu 18:20, inda biyu ko uku suka taru, ayar gaskiya ce kuma ta'aziyya ce ga ƙananan taro. Amma ka karanta daga aya ta 15. Magana ce a kan ɗan'uwan da ya yi laifi: ka same shi kai kaɗai, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi ka kai wa ikkilisiya. Nassin yana ɗauka cewa akwai jama'ar da ta san ku duka biyu, wadda za a iya kai wa ƙara.

Duk wannan ba ya nufin kowa da ke bin sujada daga nesa mai laifi ne. Akwai mai jinya, da tsohon da ƙafa ta ƙi, da mai jego, da nas ko soja ko ɗan sanda da aiki ya faɗo masa ranar Lahadi, da wanda neman abinci ya kai ƙasar da babu majami'a a fili. Akwai wanda ya ba da gaskiya a ɓoye, wanda ganinsa a ƙofar coci zai iya jawo masa kora ko abin da ya fi haka. Akwai kuma tsaro, kuma ba za mu yi magana kamar ba mu san harin cocin Madalla na ranar Kirsimeti 2011 ba, ko mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi a Oktoba 2014, ko ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a Janairu 2015. In dattawa suka ce a dakata da taro a wani ƙauye saboda an ga alamar hari, a bi maganarsu. Ga irin waɗannan mutane waya baiwa ce daga Allah, kamar yadda rediyon ELWA da Muryar Bishara suka daɗe suna zama abokan zaman masu bi a wuraren da fasto ba ya kaiwa. Haka ma kullen da aka shiga daga ƙarshen Maris 2020, lokacin larura ne, kuma ikkilisiyoyin da suka watsa sujada sun yi daidai.

Wanda larura ta tsare, ga yadda zai rage asara. Ya bi shirin ikkilisiyarsa ta gida in tana watsawa, a daidai lokacin da ake yi. Ya yi wanka ya sa tufafi, ya kashe sanarwar saƙonni, ya jingina wayar a wuri ɗaya ya buɗe Littafi Mai Tsarki na takarda. In akwai mai bi ko ɗaya a gidan ko a unguwa, su zauna tare, su yi waƙa da bakinsu, su yi wa juna addu'a bayan an rufe. In data ta yi tsada, sauti kaɗai ya wadatar, kuma ba ya cin ko kusa da abin da hoto ke ci. Mafi muhimmanci, ya sanar da fasto ko dattijo halin da yake ciki, ya roƙa a kawo masa Jibi. Wannan tsohuwar al'ada ce. Wajen shekara ta 155, wani malamin Kirista, Justin Shahidi, ya bayyana wa sarkin Roma yadda Kirista na birni da na ƙauye ke taruwa wuri ɗaya ranar Lahadi, a yi karatu, a yi gargaɗi, a yi addu'a, a ci gurasa, sannan dikinoni su ɗauki rabon waɗanda ba su samu zuwa ba su kai musu. Ikkilisiyar da ta sayi kyamara amma ba ta da jerin sunayen marasa lafiya da tsofaffinta, da wanda aka ɗora wa ziyartar kowanne a wata, ta bar babban aikin. Haka nan tudun shiga domin keken guragu, da benci kusa da ƙofa domin masu jego, da haɗa mai mota da tsohon da ke unguwarsa, suna dawo da mutanen da ake zaton sun zaɓi zama a gida ne.

Kai kuwa da ba ka da larura, kada ka jira sai ka ji marmari, domin marmarin yakan biyo bayan sabo ne. Ka sa rana, Lahadin nan mai zuwa. Tun daren Asabar ka goge kaya, ka ware kuɗin mota da na baiko, ka kwanta da wuri. Ka gaya wa dattijon nan cewa kana zuwa, domin alkawarin da wani ya ji ya fi wuyar karyawa. Ka iso kafin a fara, ka kashe waya, in an tashi kuma kada ka zame ta ƙofar baya, ka tsaya minti goma sha biyar ka gaisa. Za a yi maka tambayar ina ka shiga, amsa gajeriya ta isa: na yi nisa, na dawo. Makonni uku ko huɗu na farko za ka ji sujadar ta yi tsawo, sanarwa ta yi yawa, mai wa'azin kuma wataƙila bai kai na YouTube iya magana ba. Wannan ba alamar kuskure ba ce, kunne ne da ya saba da tsallakewa. Kafin wata biyu ka kama aiki ɗaya da za a neme ka in ba ka zo ba, ko ƙungiyar mawaƙa, ko Sabon Rai, ko koyar da yara, ko taron addu'a na unguwa. Wa'azin intanet kuma ka mai da shi tsakiyar mako, ya zama ƙari.

Abu ɗaya ya rage da ba ka faɗa ba, amma yakan kasance a ƙarƙashin irin wannan tambaya. Waɗansu ba sauƙin waya ne ya zaunar da su a gida ba, rauni ne: gulma, ko rigimar zaɓen dattawa, ko kuɗin gini da ba a yi bayaninsa ba, ko horon da aka yi wa talaka aka ƙyale mai hali. In haka ne, ka nemi ganin fasto ko dattijon da ka amince da shi a ranar da ba ta Lahadi ba, ka faɗi abin da ya faru da sunansa. In wanda ya yi maka laifin shi ne faston, akwai hukumar da ke sama da shi, ta gunduma ko ta yanki, kuma kana da iko ka rubuta mata. In an bi duk wannan abin bai gyaru ba, ko kuma koyarwar wurin ce ta kauce daga nassi, ka nemi takardar canji ka koma wata ikkilisiya da ke kusa da gidanka, ka gabatar da kanka ga dattawanta tun makon farko, a rubuta sunanka da na iyalinka a littafinsu.